Wayar Ɗanki da Bangon Alƙibla

3 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar? Ya 'yarki da maigidanta da jikoki? Mu dai lafiya ƙalau, in banda hawan jinin da ɗanki yake neman ɗora mini da tsufana.

Da kunnenki yana jin waya da tuni na kira, amma kin san yadda muka ƙare wancan karon, ni ina ta ihu cikin shago, ke kina cewa a ɗaga murya. Shi ya sa na ture ɗinkin mutane gefe na ɗauki biro. Direban da ke zuwa wajenku zai miƙo miki.

Yaya, ɗanki Injiniya ya ce masallacinmu a karkace yake. Tsohon masallaci fa nake nufi, wanda Baba ya shekara hamsin yana riƙe da makullinsa har na gada. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ya je gaban mihrabi, lungun nan da Liman yake tsayawa, ya ɗora wayarsa a tafin hannu yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Wai akwai kamfas a ciki mai nuna alƙibla. Ya juya, ya sake juyawa, sai ya ɗago fuska a murtuke ya sanar da jama'a cewa mun kauce wa Ka'aba, mun yi hagu sosai. Bai ja ni gefe ya faɗa mini ba, ni kawunsa. A gaban kowa ya yi.

Kin san mutanenmu. Kafin la'asar duk mai waya ya zama malamin alƙibla. Ta Mahauci ta nuna rijiya, ta wani ta nuna wajen ajiye takalma, shi kuwa ɗanki ya ce tasa ce mai tsada, don haka ita ce mai gaskiya. Da za ki ga sahunmu yanzu, ban san ko kuka za ki yi ko dariya ba. Liman ya miƙe inda iyayensa suka miƙe, tsofaffi suna bin sa, samari sun karkace dama, kafaɗa ba ta haɗuwa da kafaɗa. Jiya a kan diddigena Mahauci ya yi sujada. Ni tela ne, na san yadin da aka yanka a karkace, to wallahi ban taɓa ganin yanka mai muni irin wannan sahu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan ya san tarihin wurin sarai, a cinyar Baba ya ji shi. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya ke nan da fatake da malaminsu suka sauke kaya a bakin rijiyar nan, babu gida ko ɗaya. Masallacin suka fara ginawa kafin su gina wa kansu ɗakin kwana, sannan garin ya tsiro a kewayensa. Bangon gabas, babban mutum zai kwanta a kan kaurinsa ƙafa ba ta leƙo ba. An yi fari, an yi annoba, an yi shekarar da gobara ta cinye rabin unguwa jama'a suka kwana a tsakanin ginshiƙansa, bai yi ko gezau ba. A farfajiyarsa aka ɗaura miki aure, a nan muka sallaci Inna, muka sallaci Baba. Duk waɗannan mutane ba su san gabas ba, sai wayar da aka ƙera bara?

Ni kuma ba baƙo ba ne a hidimar ɗakin nan. Shekarar da rina suka addabe mu har suka harbi Ladan a wuya yana tsakiyar kiran salla, wa ya hau tsani ya kore su? Ni. Kafet ɗin da ya rufe ƙasa bango zuwa bango, wa ya haɗa shi da hannunsa? Ni. Amma ko shawarata ba a nema ba.

Don Allah ki rubuto masa ki ja masa kunne. Ni in na yi magana, sai ya durƙusa ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tashi ya ci gaba da abin da yake yi.

Maman yara tana gaishe ki. Ki gaida kowa da kowa.

Naki ƙanin,
Auta

12 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki da mutanen gida. Direba ya rantse mini hannu da hannu ya ba ki takardata. To shirun na mene ne? Ko kin bi bayan ɗanki ne ban sani ba?

Magana ta wuce sahu yanzu. Kwamitin masallaci ya zauna ranar Lahadi, sun yanke cewa za a rushe bangon gabas gaba ɗaya, da mihrabin da komai, a tayar da sabo na bulo da siminti a karkata shi yadda wayar ɗanki ta ce. Ranar ashirin da shida ga watan nan leburori za su zo. Kin ji fa, Yaya. Bangon da ya ga shekara ɗari huɗu, kwana goma sha huɗu suka rage masa.

Na yi magana a wajen zaman har muryata ta dushe. Na kawo fatake, na kawo gobara, na kawo Baba. Suka saurara kamar ana karanta musu labarin yara, wani ma yana hamma. Liman, bawan Allah, ya ce ga wanda yake nesa, fuskantar sashen ya wadatar, ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma kin san muryar Liman, sauro ya fi shi ƙara. Suka ce sun ji, sai dai tunda Allah ya kawo ilimi, me zai sa a zauna a kan kuskure? Ɗanki ya ce na kawo hujja, ba tarihi ba. Cikin ladabi fa ya faɗa, kansa a sunkuye. Ladabin nan nasa shi ne yake ƙara tunzura ni, da rashin kunya ya yi da na san abin da zan yi da shi.

Shekaranjiya ya zo shago ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Na yi kamar ban gan shi ba, na ci gaba da taka keke. Can ya ce shi ba don ya tozarta kowa yake yi ba, abin da yake hana shi sukuni shi ne tunanin kakansa ya yi salla shekara saba'in yana kallon inda ba nan ba, kuma ba ya so 'ya'yansa su gaji haka. Na ɗago na ga idonsa ya kawo ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, har na kusa cewa a kawo masa ruwan sha. Washegari na buɗe masallaci na tarar an zana wani ƙaton jan fenti a jikin bangon, alamar inda za a fara sara. Ashe sun yanka wani makullin ban sani ba!

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Na ɓata wa wani wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, abin da ban yi ba tun ina koyo. Maman yara ta ce in na mutu a kan bango, bangon ba zai zo mata gaisuwa ba. Na ce ta bar ni. Na riga na faɗa wa kwamiti, ranar da leburori suka zo, a cikin mihrabin za su same ni zaune, sai su fara da ni.

Ke kika haife shi, ke kaɗai yake tsoro. Layi biyu kawai nake roƙo.

Ƙaninki da ransa yake ɓace,
Auta

20 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Amsarki ta iso jiya da hantsi. Na gode, ko da yake ban san ko godiya ake yi wa irin wannan ba. Layi biyu na roƙa a ja wa ɗanki kunne, sai ga shafi huɗu, kuma duk nawa kunnen aka ja. Shekarata sittin da uku, ina da jikoki tara, amma har yau a wajenki ni ne Autan da ba ya jin magana.

To na karanta, sau uku ma. Kin ce magina na farko ba da ka suka yi aikinsu ba, sun bar shaida. Kin ce akwai 'yar kafa a can saman mihrabi da ta huda bangon ta yi sama, akwai kuma farin dutse mai faɗin faranti a dashe a ƙasa wajen sahu na uku. Kin ce sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba, a wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, kuma a daidai lokacin ne haske yake shigowa ta kafar ya sauka a kan dutsen. Kin ce kina 'yar shekara tara Baba ya fara kai ki kallo, kina riƙe masa buta.

Haba Yaya! Shekara nawa kina zaune da wannan magana a ciki? Na san abin da za ki ce, kin ma riga kin faɗa a shafi na uku: wai Baba ya zo shagona ya fi sau biyar zai nuna mini, ni kuwa ina taka keke ina cewa to Baba, sai an jima. Ban musa ba. Amma mutum yana fama da ɗinkin jama'a, a zo masa da zancen rana da dutse, ya zai gane magana ce babba?

Ina gama karantawa na ɗauki almakashi na nufi masallaci. Na farke kafet a sahu na uku, ɗinkin da na yi da hannuna, sai ga dutsen nan fari tas, ya yi sumul. Ni na rufe shi da kafet, shekara ashirin ina taka shi ban san amfaninsa ba. Na ɗaga kai sama neman kafa, babu kafa. Sai da na ƙura ido sosai na hango wani ɗan da'ira da launinsa ya bambanta da sauran bangon. Toshe ta aka yi, Yaya. Wani mara hankali, wanda bai san darajar abin da ya tarar ba, ya hau ya liƙe ta da laka.

Na kai wa ɗanki takardarki har ofis. Ya fara karantawa yana murmushi irin na an ji zancen tsofaffi. Sai ya ciro wayar tasa ya yi ta latse-latse, murmushin ya ɗauke. Ya ce maganar rana gaskiya ce, masana sun tabbatar da ita, kuma ranar farko ta bana ita ce ashirin da takwas ga watan nan da hantsi, har minti ya faɗa mini. Kin ji yaro, uwarsa ta faɗa bai yarda ba sai da waya ta sa hannu.

Mun yi yarjejeniya a gaban Liman da kwamiti. Za su ɗaga rushewar da kwana biyu. In haske ya sauka a kan dutse a mintin da wayarsa ta faɗa, bango ya tsira. In ya kauce, ni da hannuna zan miƙa makulli in koma gefe. Tsanin da zai kai wajen kafar sai na leburorin, don namu ya karye tuntuni, saboda haka da tsanin masu rushewa za a buɗe ta.

Shafinki na ƙarshe ne ya hana ni sakat. Kin ce shekara guda kafin rasuwar Baba, ya je ya zauna a gaban dutsen har rana ta take bai ga komai ba, ya dawo ya ce miki idonsa ya ƙare, tunda hasken da yake gani tun yana yaro ma ya daina gani. Kin ce daga ranar ya rufe Alƙur'aninsa bai ƙara buɗewa ba, ya koma zaman ɗaki. Na tuna ranar. Ni na kai shi a bayan kekena, na zaunar da shi, na koma shago. Da na dawo ɗaukarsa bai ce mini uffan ba har gida. Ashe ba idonsa ba ne, kafar ce a toshe. Duk wanda ya yi wannan aiki ya cuci tsohon nan, kuma ni dai ban yafe masa ba, duniya da lahira.

Ki taya mu da addu'a kada hadari ya taso ranar.

Ƙaninki,
Auta

29 ga Mayu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yaya, ina tambayar lafiyarki da ta duk wanda yake tare da ke. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Bango yana nan. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta.

Leburorin da aka ce za su kawo tsani tun ranar Litinin, sai jiya da safe suka ga damar zuwa, saura awa ɗaya da rabi. Na zage su tas, Allah ya yafe mini. Masallaci ya cika maƙil kamar Juma'a, har da waɗanda ban taɓa gani a sallar asuba ba. Sama kuma ta yi luf da gajimare, Mahauci yana ta faɗa wa mutane wai ko rana ma ta ji kunyar fitowa.

Na kama tsani zan hau, ɗanki ya riƙe mini riga ya ce in na faɗo ba zai iya haɗa ido da ke ba. Shi ya hau. Ya fara ta waje ya ɓantare yaɓen, ya zagayo ciki ya fasa lakar, ya zura hannu har gwiwar hannu. Sai ya fara jawo abin da aka cusa yana sakowa ƙasa, suna faɗowa a gabana ɗaya bayan ɗaya.

Ƙyallaye ne, Yaya. Ragowar yadi, irin wanda yake taruwa a ƙarƙashin teburin tela. Tela nawa ne a unguwar nan da yake da makullin masallaci? Mahauci, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya tambaya da ƙarfi ko akwai wanda ya san mai wannan shara. Kowa ya juyo, ni yake kallo.

Na sunkuya na ɗauki ɗaya. Shuɗi ne mai farin zare a tsaye. Kin san shi. Ragowar rigar da na ɗinka wa Baba ce, ta ƙarshe, wadda yake sanye da ita ranar da na kai shi a keke. Nan take komai ya dawo mini. Shekarar rina ce. Na bi duk wani rami da na gani a bangon na cusa tsumma na shafe da laka, ya fi rami ashirin, ina ta jin daɗi ana sa mini albarka. Ban tambayi kowa ba. Baba yana kwance a gida, taku ɗari tsakaninmu, ban je na tambaye shi ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Muryar ɗanki na ji yana cewa saura minti uku. Gajimaren nan ya yi ta wasa da hankalinmu, ya buɗe ya rufe. Sai ga wani ɗan haske ya faɗo a ƙasa, tafin hannu biyu daga dutsen, ta hagu. Wani daga baya ya ce ai ga shi nan, ya kauce. Liman ya ɗaga hannu, karo na farko a rayuwarsa da aka yi masa shiru. Hasken nan ya yi ta rarrafowa a hankali, ɗanki yana kallon waya yana kallon ƙasa. A daidai mintin da ya faɗa, ya hau dutsen ya zauna a tsakiyarsa cif. Dutsen ya ɗauki haske har ginshiƙan da ke kusa suka yi fari. Masallaci ya ɗauki kabbara, tsofaffi suna kuka.

Can ɗanki ya ce a ɗauke manyan sifikun nan biyu da ke gefen mihrabi, waɗanda shi da kansa ya kawo bara. Aka fitar da su, ya sake ɗora wayar a inda ya ɗora ta ranar farko, kibiyar ta juyo ta nuna mihrabi sak. Wai maganaɗisun da ke cikinsu ne yake jan kamfas ɗin. Injiniya guda! Wata guda ana sujada a diddigen juna saboda sifikarsa. Na buɗe baki zan wanke shi, sai na ga ƙyallen da ke hannuna, na rufe bakina. Shi ya ɗauko ruwa da soso ya fara goge jan fentin da kansa, ya kuma ba ni makullin da suka yanka. Yaron kirki ne, Yaya, taurin kai ne kawai irin namu.

Ya ce rana ta biyu tana tsakiyar watan Yuli. Na riga na yi magana da direba, zai ɗauko ki a kujerar gaba saboda gwiwa. Da hantsi ne, babu kowa, zan shimfiɗa miki darduma kusa da dutsen. Kafet kuwa na yanke masa taga a wurin na kalmashe bakin, ba zai ƙara rufuwa ba. Na kuma sa ɗanki ya rubuta komai a takarda, ni ma na zauna na saurara har ƙarshe, ban taɓa keke ba.

Saura magana ɗaya. Idon Baba lafiyarsa ƙalau a ranar. Da zai iya ci gaba da karatunsa har shekarar da ta rage masa, ni na rufe masa Alƙur'ani da tsumman rigarsa. A takardar da ta wuce na rubuta miki cewa wanda ya yi wannan aiki ban yafe masa ba duniya da lahira. Na nemi in janye, na kasa, don ba ni aka cuta ba. Wanda zai yafe yana kwance a maƙabarta, ke kaɗai kika rage mini a cikin waɗanda suka san muryarsa. In kin zo, ki zauna a inda ya zauna, ki faɗa mini abin da kike jin zai ce. Ko faɗa ne ki yi, shafi nawa ne ma, wannan karon zan ji.

Ƙyallen yana aljihuna. Maman yara ta ce in kawo ta wanke, na hana.

Wassalam. Naki ƙanin mai neman afuwa,
Auta